Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kaɗa Ƙuri'ar Oscar a Kan Fim Ɗin The Revenant

Zuwa ga mambobin Cibiyar Fina-finai ta Amurka, masu kaɗa ƙuri'ar kambun Oscar,
Beverly Hills, Kalifoniya.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri.

Bayan haka, na rubuto muku ne a kan hukuncin da kuka yanke a daren 28 ga Fabrairu, 2016, a bikinku karo na 88, game da fim ɗin The Revenant na Alejandro González Iñárritu. Kun sa shi takara a rukuni 12, kuka ba shi kambu uku: gwarzon darakta ga Iñárritu, gwarzon jarumi ga Leonardo DiCaprio, gwarzon mai ɗaukar hoto ga Emmanuel Lubezki. Babban kambun, na fim ɗin shekara, kuka miƙa wa Spotlight. Na san maganar ta kwana biyu, wani ma zai ce ihu nake yi bayan hari. To amma fim ba ya tsufa a wurin wanda bai gan shi ba, kuma har gobe duk mai shirin kunna wannan, sunanku yake fara cin karo da shi a jikin tallarsa. Ku kuka tsaya masa, don haka ku ya kamata ku ji abin da mai kallo ya tashi da shi. Ni dai idona ya ƙoshi, amma zuciyata ta ji an yi mata wayo.

Kambun Lubezki halalinsa ne, ba ni da ja. Shi ne mai ɗaukar hoto na farko da ya ci kyautar shekara uku a jere, bayan Gravity da Birdman, kuma da ni ke rabo, wannan na ukun zan fi miƙa masa da hannu biyu. Kusan dukan fim ɗin da hasken da Allah ya hore aka ɗauke shi: rana, wutar itace, da ɗan hasken nan da ke saura bayan rana ta faɗi. Hakan ya sa lokacin ɗauka a kowace rana kaɗan ne, sauran wunin sai gwaji da jira, kuma abin da aka samu ya biya. Dubi harin da aka buɗe fim da shi, inda mayaƙan Arikara, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, suka far wa sansanin mafarautan fata a bakin kogi. Kyamara ba ta koma gefe ta zuba ido ba. Tana bin wannan har kibiya ta same shi, sai ta koma kan wanda ya harbe shi, shi ma a kayar da shi, ta bi wanda ya kayar, ba ka ga inda aka yanka aka haɗa ba. Mai kallo bai san ta inda mutuwa za ta ɓullo ba, su ma na ciki ba su sani ba.

Sai fitowar beyar, wadda ko wanda bai kalli fim ɗin ba ya ji labarinta. Hugh Glass, wanda DiCaprio ya fito a matsayinsa, yana tafe shi kaɗai cikin kurmi riƙe da bindiga, ya hango 'ya'yan beyar biyu, kafin ya gama juyawa uwar ta iso. Babu kiɗan da zai gaya maka ka tsorata. Ta yayyaga bayansa, ta jijjiga shi, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan fuskarsa, sannan ta tsaya tana shinshinarsa, yawunta na zuba, numfashinta na dusashe gilashin kyamara. Can ta juya ta nufi 'ya'yanta, ka ce an gama. Ya ja ciki ya kai ga bindiga, ta dawo, ya harbe ta, harbin bai yi komai ba sai ƙara tunzura ta. Da wuƙa ya ƙarasa ta, suka gangara tare, ta faɗo a kansa matacciya. Ba ta da gaba da shi, uwa ce ke kare 'ya'yanta, shi ya sa ba ka iya tsanarta ko da tana cikin yaga mutum. Na san dabbar aikin kwamfuta ce, kuma wani ƙato ne sanye da shuɗin kaya ya riƙa jan DiCaprio a ƙasa kafin a zana ta a kansa. A lokacin ba ku da kambun masu irin wannan aikin kasada. Na ji daɗi da kuka sanar za a fara ba da shi a bikinku na 100 a 2028, ko da yake an makara.

Kiɗan ma ya cancanci a ambace shi. Marigayi Ryuichi Sakamoto ya yi shi tare da Alva Noto, a lokacin da yake farfaɗowa daga cutar kansar maƙogwaro, kiɗa ne da ke shigowa a hankali ya ɓace cikin iska har ka kasa raba shi da kukan daji. Dokarku ta hana shi shiga takara saboda hannu fiye da ɗaya ne a cikinsa. Wannan ƙorafi ne na wata rana.

Inda muka raba hanya da fim ɗin shi ne a kan yaron nan, Hawk, ɗan da aka ba Glass a fim.

An tallata fim ɗin da cewa daga abin da ya faru da gaske aka samo shi, kuma Hugh Glass mutum ne da ya rayu. A 1823 yana cikin tawagar William Ashley da Andrew Henry, masu hawa kogin Missouri neman fatar biba, wata 'yar dabbar kogi mai laushin gashi da ake yin hulunan manya da ita a Turai. A watan Yuni na shekarar Arikara suka kai musu hari. Wajen ƙarshen bazara, kusa da kogin Grand a yankin da yau ake kira Dakota ta Kudu, beyar ta kama shi. Henry ya ga ba zai tashi ba, ya bar mutum biyu su jira ransa ya fita su binne shi: John Fitzgerald, da wani matashi da marubuta suka daɗe suna cewa Jim Bridger ne. Suka jira, mutum ya ƙi mutuwa, tsoro ya kama su, suka ɗauke bindigarsa da wuƙarsa da ƙanƙarar ƙyasta wuta, suka bi sawun tawaga suka ce ya cika. Shi kuwa ya ja jiki, da rarrafe da ɗingishi da taimakon ruwa, kimanin kilomita 320 har zuwa sansanin Fort Kiowa. Tun 1825 aka buga labarin a wata mujalla a Philadelphia, daga nan ya zama tatsuniyar mafarauta.

A cikin wannan duka babu ɗa. Babu wata takarda da ta nuna Glass yana tafe da yaro, balle a ce an kashe shi a gabansa. Littafin Michael Punke na 2002, wanda aka gina fim ɗin a kansa, shi ma babu ɗa a ciki. Iñárritu da abokin rubutunsa Mark L. Smith ne suka haifa wa Glass yaro daga wata mata 'yar ƙabilar Pawnee, suka sa Fitzgerald ya soke shi da wuƙa uban yana kallo.

Kada ku ɗauka ina cikin masu son fim ya zama littafin tarihi. An mayar da bazara hunturu, na yarda. An ɗauke labari daga shimfiɗaɗɗen fili aka kai shi cikin duwatsun Alberta a Kanada, na yarda, ai hoton ya fi kyau. An sa shi ya faɗo daga kan dutse da doki, ya farke cikin mushen ya kwana a ciki, ban yi gardama ba, na ma riƙe numfashi. Waɗannan duk riga ce aka sauya wa labari. Yaron kuwa zuciyar labarin aka cire aka dasa wata.

Ku duba abin da labarin asali yake tambaya. Mutum biyu a tsakiyar ƙasar da ake farautarsu, an bar su da wanda kowa ya tabbata mutuwa zai yi, kowane wayewar gari tawagarsu na ƙara nisa. Har yaushe za su zauna? Da suka tafi, ɗauke bindigar ma tana da nata dalili mai ɗaci, domin ba wanda ke binne gawa da bindiga a wannan daji, in suka koma babu ita, ƙaryarsu ta tonu. Sun ci amana, ba shakka. Amma irin cin amanar da kowane mai kallo, in ya yi wa kansa adalci, zai tsaya ya tambayi ransa ko shi da zai iya zama. Shi kuma Glass fushinsa na wanda aka yasar ne, aka raba shi da abin da zai kare kansa. Shin wannan ya isa a kashe mutum a kansa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ita ce ta sa labarin ya rayu kimanin shekara 200.

Da aka kashe Hawk, tambayar ta mutu tare da shi. Wa zai tsaya muhawara da uban da aka kashe wa ɗa a kan idonsa? Tun kafin a kai rabin fim an riga an zaunar da mu a kan cewa rama cuta ga macuci ibada ne, kuma ba a sake tayar da mu daga nan ba. Sauran mintunan, a cikin 156 da fim ɗin ya ci, jiran ranar haɗuwa kawai muke yi.

Abin takaicin shi ne fim ɗin ya taɓo abin da nake nema, sannan ya sake shi. Akwai wurin da Fitzgerald ya tsuguna a kan Glass, wanda ke ɗaure a kan makara ba ya iya magana, ya ce masa in yana so a hutar da shi, a ceci ɗansa da sauran daga zaman jiran mutuwa, to ya ƙifta ido. Glass ya ƙura masa ido. Kyamara ta tsaya. Daƙiƙa na wucewa, idon na cika da ruwa, kai ma mai kallo ka ƙi ƙiftawa. Daga ƙarshe ya rufe ido, domin babu ɗan Adam da zai iya ƙin rufewa. Yarda ce ko gajiya? Fitzgerald ya ɗauka yadda ta yi masa daɗi. A wannan minti ɗaya akwai mugunta da tausayi da son kai a cakuɗe, kuma Tom Hardy ya fito da su duka. Mutumin da ya taka ba shaiɗani ba ne tun farko. Talaka ne da aka taɓa feɗe masa rabin fatar kai yana da rai, ya yi watanni yana tara fatu aka sa shi ya zubar, yana ganin kamfani zai tashi da riba shi ya tashi da bashi. Yawancin abin da yake faɗa a farkon fim gaskiya ne, shi ya sa yake da ban tsoro.

Sai marubuta suka ji tsoron kada mu fahimce shi da yawa. Suka sa ya kashe yaro. Suka sa ya yi wa Bridger ƙarya. Suka sa ya fasa asusun sansani ya gudu da kuɗi. Suka sa ya kashe Kyaftin Henry har ya feɗe masa kai, alhali Henry na gaskiya Missouri ya koma ya ci gaba da haƙar dalma. Laifi a kan laifi, har mutumin ya tashi daga ɗan Adam ya koma bos irin na kowane fim ɗin faɗa, wanda aikinsa kawai ya jira jarumi ya zo ya gama da shi.

Yanzu ga wurin da ya sa na ɗauki alƙalami. A tsakiyar fim Glass ya haɗu da Hikuc, wani Bapawnee da aka kashe wa iyali, wanda ya ba shi naman ɓauna, ya ɗauke shi a doki, ya gina masa bukka ya yi masa magani. Shi ne ya gaya masa cewa fansa tana hannun Mahalicci. A ƙarshe Glass ya cim ma Fitzgerald a bakin rafi. Aka yi faɗa da gatari da wuƙa, aka datse yatsu, aka ciji kunne, jini ya ɓata dusar ƙanƙara. Glass ya yi galaba, ya danne shi, saura ƙiris. Sai ya ɗaga kai ya hango mahayan Arikara a ƙetaren ruwa, ya tuna maganar Hikuc, ya maimaita ta, ya tura Fitzgerald cikin rafi, ruwa ya kai shi hannun shugabansu, shi kuma ya ƙarasa shi nan take.

Ranku ya daɗe, wannan ba barin wa Allah ba ne. Wanda ya bar wa Allah hannunsa yake janyewa ya juya ya tafi, ya haɗiye abin da ke ransa, bai san yadda za ta ƙare ba. Glass kuwa ya sassare mutum har ba ya iya tashi, ya ga masu wuƙa a gaba, ya san abin da za su yi, ya aika musu da shi. Bambancinsa da wanda ya yanka da hannunsa tazarar 'yan taku ce ta ruwa. Fim ɗin yana so mu sha daɗin ramuwar gayya, mu ga jinin da muka yi awa biyu muna jira, sannan mu fita muna jin mun kalli wa'azi a kan haƙuri. Ba a haɗa gudu da susar katara. Da ya sa Glass ya kashe shi kai tsaye, ya tsaya ya ga cewa babu abin da ya dawo, da na girmama shi. Da ya sa ya ƙyale shi da gaske, da na fi girmama shi. Sai ya zaɓi hanyar da jarumi zai sami gawa kuma ya sami lada.

Kuma abin da ya faru da gaske ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Glass bai tsaya a Fort Kiowa ba, ya sake hawa kogi cikin sanyi yana neman mutanen nan biyu. Ya tarar da matashin a sansanin Henry da ke bakin kogin Bighorn, ya dube shi, ya ƙyale shi saboda ƙuruciya. Fitzgerald kuwa sai a 1824 ya same shi a Fort Atkinson, a Nebraska ta yau, ya riga ya shiga sojan Amurka. Kashe soja yana nufin igiya a wuya. Aka mayar masa da bindigarsa, magana ta ƙare. Ban ce ya yafe wa Fitzgerald don tsarkin zuciya ba, hukuma ce ta shiga tsakani. Amma ku yi tunanin wannan a allo: mutum ya tashi daga bakin kabari, ya ratsa ɗaruruwan kilomita da abu ɗaya a ransa, ya iso gaban wanda yake nema, ga shi tsaye cikin kaki, ba halin taɓa shi. A miƙo masa bindiga a ce ya kama gabansa. Me zai yi da fushin da ya raya shi? Ina zai kai shi? Ya koma farautar fata, kuma a 1833 Arikara suka kashe shi a yankin kogin Yellowstone.

Abin da ya fi ba ni haushi, Iñárritu ya iya irin wannan fim, ya ma taɓa yin sa. A 21 Grams na 2003, wata mata da mota ta kashe mata miji da 'ya'ya biyu tana neman ran direban, shi kuma direban laifin na cinsa har ya fi ta son a hukunta shi. A can babu bos. Kowa ka duba sai ka tausaya masa, kuma fansa ta zama abin da ke cinye mai nemanta. Wanda ya yi wancan da kuɗi kaɗan, da aka ba shi dala miliyan 135 sai ya sauƙaƙa wa kansa tambaya. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 500 a duniya, saboda haka ta fuskar kasuwa lissafinsa ya fita. Amma ku ba 'yan kasuwa aka ce ku ne ba.

Akwai kuma maganar 'yan asalin ƙasar. A nan ma rabi da rabi ne. An yi ƙoƙari, an ɗauki 'yan wasa daga cikinsu, an nemi masana, an ji harshen Arikara da na Pawnee a manyan sinimomin duniya, harsunan da masu jin su suka yi ƙaranci ƙwarai. An bar shugaban Arikara ya gaya wa Faransawa masu fataucin fata a fuska cewa su ne suka sace ƙasa da dabbobi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Hollywood. Amma ku lissafa me kowannensu ya zo yi a labarin. Hawk ya zo ya mutu don uban ya sami dalili. Hikuc ya zo ya yi jinya, ya ba da hikima, aka rataye shi. Powaqa, 'yar shugaban, an sace ta, an yi mata fyaɗe, kalmominta ba su cika tafin hannu ba. Matar Glass ko suna ba a ba ta ba, sai dai ta riƙa shawagi a mafarki tana raɗa. A ƙarshe kuma aka miƙa wa Arikara aikin yanka, don hannun Bature ya fita da tsabta. Mutanen da ke da dalilin fansa na gaske, waɗanda sojan Amurka ƙarƙashin Kanar Henry Leavenworth suka kai wa garuruwansu yaƙi a watan Agusta na wannan shekara ta 1823, sun zama 'yan rakiya a fansar wani. Kuma kun tuna wace shekara ce 2016: shekarar da dukan 'yan wasa 20 da kuka sa takara fararen fata ne, karo na biyu a jere, har aka yi ta yi muku ca.

Game da DiCaprio, ba na cikin masu cewa kyautar tausayi kuka ba shi don ya daɗe yana jira tun takararsa ta farko a 1994. Ya yi aiki. Lokacin da ake kashe yaron, yana ɗaure, maƙogwaro a yage, ba abin da ke motsi sai ido da jijiyoyin wuya, kumfa na fita a baki, wannan wasa ne na gwani. Haka wurin da ya sha ruwa ya ga yana zubowa ta ramin wuyansa, ya barbaɗa albarushi ya cinna wuta. Amma ku faɗi gaskiya, a watannin neman ƙuri'a ba wannan aka riƙa yi muku talla ba. Abin da aka cika kunnen duniya da shi shi ne ya ci ɗanyar hantar ɓauna, ya shiga kogi mai ƙanƙara, ma'aikata sun ajiye aiki wasu an sallame su, dusar ƙanƙara ta narke a Kanada sai da aka kwashi kaya zuwa kudancin Ajantina. Wahala ta zama hujja. Ni mai kallo hantar da aka ci ba ta ƙara mini komai ba, da ta roba ce ma ba zan gane ba. In wuya ce ma'auni, ai masu ɗaukar kaya da masu jan waya a cikin wannan sanyi sun fi kowa cancantar hawa dandamali.

Abin da ya ɗaure mini kai a hukuncinku shi ne alamu sun nuna kun ga abin da na gani. A cikin rukuni 12 ɗin nan akwai sutura, akwai kwalliya, akwai sauti kashi biyu, amma babu rubutun labari. Reshen marubutanku ya duba ya ƙi sa shi ko a jerin 'yan takara. Sannan kuka taru kuka ba da kambun darakta ga mutumin da hannunsa ke cikin wannan rubutu, kuka sa shi a sahun John Ford da Joseph Mankiewicz, su kaɗai da suka taɓa cin sa shekara biyu a jere kafin shi. A daren nan George Miller yana zaune, fim ɗinsa Mad Max: Fury Road ya kwashi kambu shida, kuma shi ma labarin gudu da fansa ne, sai dai bai yi da'awar abin da ba shi ba. To mene ne aikin darakta a wurinku? In tsara hoto ne da juriya a daji, kun riga kun saka wa Lubezki. In kuwa har da yanke shawarar abin da labari zai ce, da inda zai tsaya, to mintuna goma na ƙarshen fim ɗin nan suna cikin abin da kuka sa wa hannu.

Ban ce ku karɓe kambu daga hannun kowa ba, bai ma kamata ba. Na kuma ga a 2025 kun kafa dokar cewa sai mamba ya kalli dukan fina-finan rukuni kafin ya kaɗa ƙuri'ar ƙarshe a cikinsa. Abin mamaki ne a ce sai a lokacin, amma gara da aka yi. Roƙona shi ne duk fim ɗin da ya zo muku da tambarin labarin gaskiya a goshi, ku ɗauki tambarin da muhimmanci kamar yadda masu kallo ke ɗauka. Ku tambaya me aka cire, me aka ƙara, kuma ƙarin ya zurfafa tambayar ne ko ya kashe ta. Miliyoyin mutane yau sun tafi da yaƙinin cewa an kashe wa Hugh Glass ɗa kuma ya rama, kuma amincewarku na cikin abin da ya tabbatar musu.

Akwai kuma abu ɗaya da ke hannunku yanzu. Kuna da gidan tarihin fina-finai da kuka buɗe a Los Angeles a 2021, mai ɗakunan nuna fim, inda a 2022 kuka karɓi Sacheen Littlefeather, mai fafutukar haƙƙin 'yan asalin ƙasar, bayan kun ba ta haƙuri a rubuce kan wulaƙancin da aka yi mata a bikin 1973. Duk ranar da za ku nuna The Revenant a can, ku nuna shi a babban allo yadda hoton Lubezki ya cancanta. Bayan an kunna fitila, ku ba masanin tarihi kujera ya faɗi yadda ta kaya a Fort Atkinson, ku kuma gayyato mutanen Arikara daga Fort Berthold a Dakota ta Arewa, inda suke zaune tare da Mandan da Hidatsa, su ba da nasu labarin shekarar 1823 da bakinsu, a ɗauka a ajiye inda kowa zai iya gani.

Na gode da lokacinku. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai kallon fina-finai.